Yadda mai lalurar gani zai riƙe kuɗinsa da hannunsa: amsa ga wani ɗan'uwa daga Garwa

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya daga Garwa game da mahaifinsa, dattijo mai sayar da hatsi, wanda hawan jinin ido ya ci ganinsa har ya kai ba ya bambance takardar jaka guda (sefa 1,000) da ta jaka goma (sefa 10,000). Ya ce tun da abin ya tsananta 'ya'yan suka karɓe ajiyar kuɗin domin gudun kada a cuce shi, amma sun lura dattijon ya rage magana, ya kuma fara ƙin fita rumfa. Yana tambaya ko akwai hanyar da mahaifin nasa zai riƙa gane takardun sefa yana tsara su da kansa, ko kuwa hanya ɗaya ita ce wani ya riƙe masa.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan kulawar da kuke yi masa. Hanya tana nan, kuma a aikina na koyar da masu lalurar gani dabarun zaman yau da kullum, riƙon kuɗi yana cikin abubuwan da nake fara koyarwa, domin mutumin da ya shekara da shekaru yana ciyar da gida ba ya jure wa roƙon yaro ya ƙirga masa kuɗin goro. Sai dai ina so ka fahimci tushen abin tun da wuri. Mutane suna zaton dabarar ita ce makaho ya shafa takarda a tsakiyar kasuwa ya faɗi ko nawa ce. Wannan ita ce hanya mafi rauni. Abin dogaro shi ne a tantance kowace takarda sau ɗaya, a gida ko a rumfa, cikin natsuwa, sannan a ninke ta a ajiye ta a wurin da ninkin da wurin za su riƙa faɗa masa ƙimarta duk lokacin da ya sa hannu. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan aka gina shi.

Takardun da ke yawo a hannunmu guda biyar ne: ta 500, ta 1,000, ta 2,000, ta 5,000 da ta 10,000. Babban bankin ƙasashen tsakiyar Afirka, BEAC, mai hedikwata a Yawunde, shi ne yake buga su domin ƙasashe shida, wato Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini, saboda haka abin da Baba ya koya a Garwa zai yi masa aiki a Njamena ko Mundu. Samfuri biyu ne suka gauraye a kasuwa, na 2002 da sabon da ake kira na 2020, wanda aka fara fitarwa ranar 15 ga Disamba 2022. Samfurin 1992 kuwa an daina karɓarsa tun ranar 1 ga Maris 2023, kuma na ambace shi ne saboda irin waɗannan matattun takardu su ne marar tsoron Allah yake cusa wa wanda ba ya gani a cikin canji.

A sabbin takardun an buga wasu lanƙwasassun layuka masu ɗan tudu musamman domin makafi da masu raunin gani su bambance su da yatsa. Abu ne mai kyau, kuma ya kamata Baba ya san su. Ka je banki ka nemi sababbi fil, ɗaya daga kowace ƙima, ka shimfiɗa masa su a kan faranti ko tebur mai santsi, ka ɗora yatsansa a kan layukan, ya riƙa bi da tsokar yatsa ko da bakin farce har ya ji bambancin. Amma kada ku ɗora masa dukan dogaro a kansu. Tudun tawada ne kawai, kuma takardar da ta bi ta hannun mahauci, ta kwana a ƙullin zanen mai ƙosai, ta sha gumi a aljihun mai babur, cikin ɗan lokaci take laushi tudun ya kwanta. Takardun 500 da 1,000, waɗanda su ne suka fi yawo, su ne suka fi saurin mutuwa. Layukan sun fi amfani ga ta 5,000 da ta 10,000, domin waɗannan sun fi daɗewa da ƙarfinsu.

Abin da ba ya gogewa shi ne tsawo. A nan mun fi mutanen Amurka sa'a, domin dalarsu duk girma ɗaya ce, har sai da ƙungiyar makafinsu ta kai gwamnati ƙara ta kuma yi nasara a 2008. Takardun sefa kuwa suna ƙara tsawo yadda ƙimarsu take ƙaruwa. A samfurin 2002 ta 500 tana da santimita 13, ta 10,000 tana da 15, kowace tana ɗara ta ƙasa da ita da kimanin rabin santimita. Rabin santimita ba abu ne da hannu zai gane a iska ba, sai an gwada da wani abu, shi ya sa muke yin ma'auni. A samo kwali mai tauri ko falle na roba, a manna masa ɗan shinge a gefe ɗaya inda bakin takarda zai tokare, sannan a ɗaya gefen a yanka matakala biyar, kowace daidai inda takarda ɗaya take ƙarewa. Baba zai tokare takardar da shingen, ya shafe ta da tafin hannu ta miƙe, ya bi da yatsa ya ji a kan wace matakala bakinta ya tsaya. A yanka ma'aunin da takardu na gaske a hannu, kuma a gwada shi da tsoffi da sababbi duka. Idan aka ga wata ta saɓa, a yi wa kowane samfuri nasa gefen. Baduku zai iya yin irinsa da fata mai kauri ya ɗinke shi a cikin alabe. Wanda ba shi da ma'auni a kusa yana iya ajiye takardar 2,000 guda wadda ya tabbatar da ita, ya riƙa haɗa bakinta da na baƙuwar takarda: wadda ta gaza ta ƙarama ce, wadda ta ɗara ta babba ce. Takardar da ta yage aka liƙe da salatif ko ta cinye a baki tana ruɗa ma'auni, irin wannan sai mai ido.

Da zarar an san takarda, sai a ninke ta nan take, kafin a ɗauki ta gaba. Tsarin da nake koyarwa shi ne a bar ta 500 a miƙe, a ninke ta 1,000 biyu ta tsakiya yadda kowa yake ninke kuɗi, a ninke ta 2,000 ta tsawonta ta zama siririya, a ninke ta 5,000 ta tsakiya sau biyu ta zama ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, ta 10,000 kuma a ninke ta ta tsawo sannan a sake karya ta ta tsakiya. Babu wani abu na musamman a wannan tsari, idan Baba ya fi son wani ya zaɓa, kuma gara ma ya zaɓa da kansa domin abin da mutum ya tsara ba ya mantawa. Sharaɗi biyu ne kawai. Na farko, da zarar an tsayar da tsari ba a sake shi, kuma duk wanda yake taɓa kuɗin a gidan, har da uwargida, dole ya san shi. Na biyu, kowace takarda a ninke ta ita kaɗai, kada a haɗa uku a ninki ɗaya, domin a nan ne mutum yake zaro biyu yana zaton ɗaya ce. Idan kuɗin rumfa ne masu yawa, al'adar 'yan kasuwarmu ta haɗa tara a rungume su da ta cikon goman tana da kyau ƙwarai ga makaho, tun da zai ƙirga ɗauri maimakon takardu, muddin kowane ɗauri ƙima ɗaya ce zalla kuma an ɗaure shi da roba.

Ninki shi kaɗai bai isa ba, domin wanda ya ba ka canji shi ma yana iya miƙo maka takarda a ninke yadda ya ga dama. Saboda haka wurin ajiya ma sai ya yi magana. A sa baduku ya ɗinka alabe mai ɗaki biyar a jere, daga ƙarama zuwa babba, ko tela ya ƙara wa rigar ciki aljihu, ta yadda 500 da 1,000 za su zauna a inda hannu yake saurin kaiwa, 5,000 da 10,000 kuma su zauna a aljihun ciki mai zif wanda ba a buɗe shi a gaban jama'a. Sannan a ware aljihu ɗaya, na hagu misali, wanda ba a sa komai a cikinsa sai kuɗin da ba a tantance ba tukuna. Yadda ba a shigar da baƙo cikin gida sai an san ko wane ne, a zaure yake jira, haka duk canjin da aka karɓo a waje zai zauna a wannan aljihu har a koma gida a auna shi a ninke. Na fi nanata wannan ƙa'ida fiye da kowace, domin takarda ɗaya da ba a sani ba idan ta shiga cikin sanannu, shakka ta shiga dukansu, kuma dattijo zai koma tambayar mutane kamar ba a yi komai ba.

Game da wanda zai riƙa duba masa da ido, a zaɓi babba mai amana, a kuma tsayar da lokaci, kamar bayan sallar isha'i, ya zama an zauna an tantance kuɗin ranar. Yadda ake zaman yana da muhimmanci. Kuɗin suna hannun Baba, shi ne zai ɗaga takarda, ya fara faɗin abin da yake zato bayan ya auna, mai duban ya ce haka ne ko ba haka ba ne, sannan Baba ya ninke ya ajiye da hannunsa. Idan mai duban ya karɓe tarin ya tsara ya miƙo, an gama da wuri amma ba a koyi komai ba. Yana da kyau kuma wani lokaci ɗa na biyu ya zauna a madadin na farko, ba don zargi ba, sai don kada nauyin amanar ya taru a kan mutum ɗaya har wata rana a yi ɓatan lissafi zumunci ya taɓu.

A wajen saye, dabarar ita ce rage yawan canjin da zai karɓa. Kowa ya san wahalar canji a garuruwanmu, don haka kafin ya fita a fasa masa babbar takarda a banki ko a wurin wani amintaccen mai shago, ya fita da ƙanana. Ya biya da takardar da ta fi kusa da farashi, kuma kafin ta bar hannunsa ya faɗi ƙimarta da murya yadda na kusa za su ji: ga jaka biyu na ba ka. Wannan 'yar magana tana toshe ƙofar musu, tana kuma sanar da mai kayan cewa dattijon ya san abin da ke hannunsa. In za a ba shi canji, ya nemi a sa masa a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya ana ambaton kowace, manya tukuna sannan ƙanana. Kuɗin ƙarfe sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin girma da nauyi da kaushin baki suna bambanta su kuma ba sa laushi, saboda haka duk inda ya sami 500 ta ƙarfe ya fifita ta a kan ta takarda. A tuna a nuna masa sababbin sulallan da aka fitar a watan Afrilu 2025, waɗanda a cikinsu akwai na 200 da ba a saba da shi ba, kada ya ɗauke shi a matsayin 100 ko 500.

Zaman rumfa ya fi saye wuya, domin a can shi ne mai karɓa daga hannun wanda bai sani ba, amma ba dalili ne na ya bar sana'arsa ba. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi a nan, sun halatta saye da sayarwar makaho, kuma mutumin da yake gane gero mai kyau da shafar hannu da ƙamshi bai rasa komai na ilimin hatsi ba. A yi masa akwati mai ɗakuna kamar na alaben, a daidai wurin da hannunsa na dama yake sauka. Takardar da mai saye ya miƙo kada ta shiga akwatin sai ciniki ya ƙare: ya auna ta, ya faɗi ƙimarta, mai saye ya amsa, ya danne ta da dutsen awo ko ya riƙe ta tsakanin yatsu, ya ba da canji, sannan ya ajiye. Ga ta 5,000 da ta 10,000 kuwa, ya zama doka a rumfar cewa sai yaron shago ko maƙwabcin rumfa ya duba, ko da wane ne ya kawo, domin kada wani ya ji an ware shi. Dalilin shi ne jabu. Hannu yana iya jin takardar da ta cika santsi ko wadda ba ta da kaushin bugun gaske, amma yawancin alamomin tsaro, irin su hoton da ke ɓoye a jikin takarda da zaren da ke ratsa ta, na ido ne, kuma ba na so wani ya gaya muku cewa yatsa ya isa ya kama kowace jabu. Bashi kuma ya riƙa ɗaukarsa da muryarsa a waya, suna da adadi da rana, a gaban mai karɓa.

Akwai wata matsala ta mu mazauna kusa da iyaka wadda ba kasafai ake tuna ta ba. Naira tana shigowa Garwa ta hanyar Yola da Mubi, kamar yadda take shiga Marwa da Kusuri ta ɓangaren Barno. Ƙananan nairori, daga 5 zuwa 50, na leda ne, hannu yana gane su nan take. Amma 100, 200, 500 da 1,000 na takarda ne, girmansu ɗaya, kuma tsawon nasu ya yi kusa ƙwarai da na jaka goma ta sefa, alhali tazarar da ke tsakanin ƙimarsu mai girma ce. Ma'auni ba zai tsare shi daga wannan ba, shi ya sa dokar duba manyan takardu da ido ba ta da sassauci. Haka sefar Afirka ta Yamma da ake kashewa a Nijar: sunan ɗaya, ƙimomin ɗaya, amma wani banki ne yake buga ta kuma ba kuɗin ƙasar nan ba ce. Idan Baba yana karɓar naira da saninsa, a ba ta jakarta dabam, kada ta kusanci alaben sefa.

Ba ka faɗa mini ko akwai sauran gani ba. Hawan jinin ido yakan fara cin gefe ya bar ɗan tsakiya na wani lokaci, kuma idan akwai ko kaɗan a yi amfani da shi. Launukan takardun sun bambanta: ta 500 ruwan ƙasa, ta 1,000 shuɗiya, ta 2,000 ja-ja, ta 5,000 koriya, ta 10,000 ruwan shunayya. A shimfiɗa takarda a kan baƙin ƙyalle, haske ya zo ta bayan kafaɗarsa ba ta gabansa ba, ya nemi manyan lambobin da gilashin ƙara girma. Inda ake yawan faɗawa shi ne tsakanin 1,000 da 10,000 a cikin duhun rumfa, musamman ga wanda yake da yanar ido, domin yanar tana dusashe bambancin shuɗi da shunayya, kuma sifiri ɗaya ne ya raba lambobin biyu. Ko da ganin ya ragu sosai kada a daina zuwa asibitin ido ko a bar maganin ɗigawa ba da izinin likita ba, domin abin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa, amma ana iya tsare abin da ya rage.

Waya tana taimakawa ga wanda ya saba da ita. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma VoiceOver, masu karanta abin da ke kan allo da murya. Akwai manhajojin da ake nuna wa takarda ta kyamara su faɗi ƙimarta, sai dai kafin a dogara da kowace a gwada ta da takardunmu biyar, tsoffi da sababbi, masu tsabta da masu datti, domin ba kowace ce ta san sefar tsakiyar Afirka ba, kuma babu wadda aikinta gane jabu ne. Be My Eyes kuma tana haɗa mutum da ɗan sa-kai ta bidiyo ya duba masa, amma tana buƙatar intanet. Ajiyar kuɗi a waya, irin Orange Money da MTN MoMo a Kamaru ko Airtel Money da Moov Money a Chadi, tana rage yawan takardun da zai ɗauka, kuma tana da kyau ga manyan kuɗi. Sharaɗinta shi ne lambar sirri ta zauna a kansa, ya koyi danna ta da yatsansa. Ƙaramar waya mai maɓallai ta fi dacewa da dattijo a nan, domin maɓallin 5 yana da ɗan tudu wanda daga shi ake gano sauran. Idan manhaja za ta yi magana a kasuwa, a sa abin kunne.

Ku kuma daidaita harshen lissafi a tsakaninku. A kasuwanni da dama ana ƙirga da dala, wadda take sefa 5, a Kusuri da Njamena kuma da riyal na Larabcin Chadi, shi ma sefa 5, saboda haka ɗari a bakin wani 100 ce, a bakin wani 500. Mai ido yana kallon takardar ya warware ruɗanin, makaho kuwa maganar kaɗai yake da ita. Idan baƙo ya ce ɗari ce, Baba ya tambaya ɗari ta dala ko ta sefa kafin ya karɓa.

Wajen koyarwa kada a zuba masa duka a zama ɗaya. A fara da 500 da 1,000 har sai hannu ya daina tunani, sannan a ƙara 2,000, manyan su zo daga baya. Zama gajere kullum ya fi dogon zama sau ɗaya a mako, kuma a yi shi daga ku sai shi, ba a gaban jikoki ko baƙi ba, domin dattijon da ya yi kuskure a gaban yara ba zai yarda ya sake gwadawa ba. A lokacin hunturu yatsu suna kaushi su daina jin tudu, sai ya riƙa shafa man kaɗanya da dare. Idan yana da ciwon sukari, wanda yakan rage jin yatsu, a bar batun layukan gaba ɗaya, a yi matakalar ma'aunin da zurfi, a kuma dogara da ninki da aljihu. Ku nemi sarkin makafin garin ko ofishin kula da jin daɗin jama'a su haɗa ku da wani makaho mai sana'a wanda ya daɗe yana riƙe kuɗinsa, domin Baba zai fi karɓar darasi daga sa'arsa da ya bi hanyar fiye da daga ɗansa. Ku fara mayar masa da kuɗin cefane da na aljihu a wannan makon, akwatin rumfa kuma ya biyo baya idan ya ce ya shirya.